Ibnu Sina: Likitan da Ya Bi Sawun Dutsen Majajjawa

Filinmu na Tarihin Mashahurai a wannan fitowar ya leƙa ajin Fiziks, domin mun lura tun da aka shiga darasin momentom fuskoki suka fara yamutsewa. Malam ya rubuta p = mv a allo, kowa ya kwafa, a haddace kamar karatun aku, ranar jarrabawa a juye shi a takarda a wuce. Kaɗan daga cikinmu suka san cewa wannan ɗan layin amsa ce ga wata tambaya da ta wahalar da masana kusan shekara 2,000.

Ga tambayar. Yaron da ke korar tsuntsaye a gonar shinkafa ya kaɗa majajjawa ya saki. Dutse ya rabu da igiya, babu hannun da ke riƙe da shi, babu mai binsa yana ingiza shi. To me ke ci gaba da tura shi har ya kai tsakiyar fadama? Mutumin da za mu ba da tarihinsa yana cikin waɗanda suka fi kusantar amsar a zamaninsu, duk da cewa yawancinmu da likitanci muka san shi.

An haifi Abu Aliyu Husaini ɗan Abdullahi, wanda aka fi sani da Ibnu Sina, wajen shekarar 980 Miladiyya, wato 370 Hijira, a ƙauyen Afshana kusa da birnin Buhara, cikin ƙasar Uzbekistan ta yau. Mahaifinsa mutumin Balkh ne, ma'aikaci a daular Samaniyawa. Sina sunan wani kakansa ne. Abin da aka sani na ƙuruciyarsa daga bakinsa ya fito, domin shi ya yi wa almajirinsa Juzjani shiftar tarihinsa, daga baya almajirin ya ƙarasa sauran. Mai karanta wannan tarihin zai ga cewa malamin ba ya jin kunyar faɗin baiwar da Allah ya ba shi.

Yana shekara 10 ya haddace Alƙur'ani. Lissafi kuwa, irin na lambobin Indiya da muke aiki da su yau, a wurin wani mai sayar da kayan miya ya koye shi, mahaifinsa ne ya tura shi can. Ya yi fiƙihu a wurin Isma'ila Zahid. Sannan wani malami mai suna Natili ya sauka a gidansu ya fara koya masa mantiƙi da littafin Iƙlidis na lissafin zane. Ba su yi nisa ba yaro ya wuce malaminsa, ya ci gaba da warware sauran shi kaɗai. Yana shekara 16 ya riga ya shiga duba marasa lafiya. Idan wata mas'ala ta cije masa, masallaci yake tafiya ya yi nafila ya roƙi buɗi, ya dawo ya kunna fitila.

Kada wani ya ce ai shi komai da sauƙi ya zo masa. Akwai littafin Aristotal, masanin Girka, a kan abin da ke bayan ɗabi'a, wanda ya karanta sau 40 har ya haddace kalmominsa amma ma'anar ta ƙi shiga. Ya fid da rai. Wata rana a kasuwar littattafai wani dillali ya matsa masa ya sayi wani ɗan littafi a kan dirhami uku. Ashe sharhin Farabi ne a kan wannan littafin da ya gagare shi. Da ya karanta sai ƙulli ya kwance, washegari ya yi sadaka don godiya. Mun tsaya a kan wannan ne saboda masu cewa sun bi darasi sau biyu ba su gane ba, don haka Fiziks ba nasu ba ne.

Sarkin Buhara, Nuhu ɗan Mansur, ya kwanta ciwo, aka kira saurayin cikin masu yi masa magani. Da sarki ya samu sauƙi, ladan da Ibnu Sina ya roƙa shi ne izinin shiga ɗakin karatun fada. Gida ne mai ɗakuna da yawa, kowane ɗaki da fanninsa, akwatunan littattafai jibge kan juna. Kafin ya cika 18 ya gama da abin da yake so a ciki. A wajen wannan lokacin ne kuma ya yi musayar wasiƙu da Biruni, wani hatsabibin masani ɗan Khuwarizm, wanda ya aiko masa tambayoyi 18 a kan ɗabi'ar sama da ƙasa, da zafi da haske, da ko akwai sararin da babu komai a cikinsa. Samari biyu suna ja-in-ja a takarda a kan maganar Aristotal, kowa da hujjarsa.

Daga nan zaman lafiya ya ƙare. Daular Samaniyawa ta faɗi a 999, mahaifinsa ya rasu yana da shekara 22, sai yawo ya kama shi: Gurganj, Nasa, Abiward, Ɗus, Jurjan inda ya haɗu da Juzjani, sannan Rayyi kusa da Tehran ta yau, daga bisani Hamadan. A Hamadan ya warkar da sarki Shamsud Daula daga ciwon ciki, sarki ya naɗa shi waziri. Sojoji suka yi masa bore, suka wawashe gidansa, suka nemi a kashe shi. Ya ɓuya kwana 40. Ciwon sarki ya tashi, aka nemo shi, aka mayar da shi kan kujerarsa. Da rana yana aikin fada, da dare ɗalibai su taru a gidansa a yi karatu. Mu da muke maƙwabtaka da hubbaren Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a Wurno, wanda ya rasu a 1837, haɗa mulki da alƙalami ba baƙon abu ne gare mu ba, shi ma ya bar rubuce-rubuce har a kan magunguna.

A cikin wannan hargitsi Juzjani ya roƙe shi ya yi wa littattafan Aristotal sharhi. Ya ce ba shi da lokacin wannan, amma zai rubuta abin da ya inganta a wurinsa na ilmomin. Haka aka fara Kitabus Shifa. Sunan yana ruɗar mutane su zaci littafin magani ne. Na magani shi ne Alƙanun fiɗ Ɗibbi. Shifa kuwa warakar jahilci ake nufi, ya ƙunshi mantiƙi, ilmin ɗabi'a, lissafi da ilahiyyat. Da ɓangaren ɗabi'a ya fara, wato abin da muke kira Fiziks, kuma a nan maganar dutsenmu take.

Abin da Aristotal ya koyar shi ne duk abin da ke tafiya ba bisa ɗabi'arsa ba, dole akwai mai tura shi yana manne da shi. Amalanke na tafiya don shanu na ja, su tsaya ta tsaya. Da aka zo kan dutsen da aka jefa sai magana ta rikice, ya ce hannu yana motsa iska, iskar ce ke ci gaba da ɗaukar dutsen. Wannan bayani ya yi ɗaruruwan shekaru ana karantar da shi, alhali duk wanda ya taɓa gudu a kan keke ya san iska a fuska take dukansa, tare shi take yi. A ƙarni na 6 wani malamin Iskandariyya, wanda Larabawa ke kira Yahaya Nahawi, ya ƙi yarda. Ya ce mai jifa yana zuba wani ƙarfi a cikin dutsen kansa, amma ƙarfin yana ƙarewa da kansa a hankali, kamar yadda garwashi ke mutuwa.

Ibnu Sina ya jero ra'ayoyin magabata ya auna su. Ya yarda cewa abin yana cikin dutsen, ya kira shi mailu, wato karkata. Akwai karkata ta ɗabi'a, irin wadda ke kai dutse ƙasa idan an sake shi. Akwai kuma karkata ta tilas, wadda mai jifa ya ɗora masa. Inda ya rabu da Yahaya Nahawi shi ne wurin da ya fi muhimmanci: a ganinsa wannan karkata ba ta mutuwa don kanta. Wani abu ne daga waje ke cinye ta, kamar iskar da dutsen ke ketawa. Da za a sami sarari wanda babu komai a cikinsa, babu abin da zai tare, da abin da aka jefa bai tsaya ba. Abin mamaki, shi kansa bai yarda akwai irin wannan sararin ba. Ya ƙaddara shi ne a tunani kawai, ya bi hujja ya ga inda ta kai shi. Duk ɗan aji biyu na babbar sakandare da ya karanta wannan zai ji ƙamshin dokar Niyuton ta farko, fiye da shekara 600 kafin a rubuta ta.

Ya kuma lura abu mai nauyi ya fi karɓar wannan karkata ya riƙe ta. A gwada a gani: a sa tsakuwa a majajjawa, sannan a sa ɓawon gyaɗa. Hannu ɗaya ne, kaɗawa ɗaya ce, amma ɓawon a gaban mutum zai faɗi. Nan ne m ɗin da ke cikin p = mv ya fara leƙowa.

Sai dai mu faɗi gaskiya, domin akwai masu son zuzuta namu fiye da ƙima. Ibnu Sina bai rubuta p = mv ba, bai auna mailu da lambobi ba, kuma ya tafi a kan cewa ƙasa tana tsaye a tsakiyar halitta, abubuwa masu nauyi suna neman mazauninsu ne a can. Wasu suka ɗora. Abul Barakat na Bagadaza ya faɗaɗa maganar mailu a ƙarni na 12. A ƙarni na 14 Jan Buridan, malami a jami'ar Paris, ya ce wannan ƙarfin yana ƙaruwa gwargwadon yawan jikin abu da kuma gudunsa. Ya kafa hujja da jirgin ruwa da ake ja da igiya: a daina ja, jirgi ya ci gaba da tafiya, kuma wanda ke ciki a gaba yake jin iska, ba a ƙeya ba. Masu fito a Gulbin Rima sun san wannan ba tare da an karanta musu ba. Masana tarihi suna da saɓani a kan ko maganar Ibnu Sina ta isa ga Buridan ko kuwa shi ma da kansa ya cim mata. A 1644 Dekat na Faransa ya ninka girman abu da gudunsa ya kira shi yawan motsi, amma ya bar alƙibla a waje, lissafinsa na karo ya karkace. A 1668 da 1669 Walis da Ren na Ingila da Haigens na Holan suka gyara wannan. A 1687 Niyuton ya buɗe babban littafinsa da ma'anoni, ta biyu a cikinsu ita ce wannan: yawan motsi yana fitowa daga yawan jiki da gudu a haɗe.

To mu dawo allo. Momentom, ko mu ce ƙarfin tafiya, shi ne nauyin abu a kilogiram, wanda malamai ke kira mas, a ninka shi da gudunsa a mita cikin sakan. Tsakuwa mai giram 50 da ta bar majajjawa da gudun mita 30 a sakan: a fara mayar da giram kilogiram, 0.05, a ninka da 30, a sami 1.5. Awonsa kilogiram mita a sakan. A nan maki ke zubewa a WAEC da NECO, mutum ya ninka 50 da 30 ya rubuta 1,500 yana murna, ko ya sami amsa daidai ya bar ta tsirara ba awo.

Mu ɗauki misalin da ya fi shafar rayukanmu. A ce babbar mota ta yi lodin albasa, ita da kayanta kilogiram 20,000, ta taso daga Goronyo za ta Sakkwato tana gudun kilomita 72 a awa. A raba 72 da 3.6, ya zama mita 20 a sakan. Ƙarfin tafiyarta 400,000. Ɗan kabu-kabu da fasinjansa da babur ɗin, a ce kilogiram 250, a wannan gudun dai, nasu 5,000 ne. Motar ta ninka su sau 80. Ko da rarrafe take, tana cin rubu'in mita a sakan, tafiyar da tsohuwa mai sanda za ta wuce ta, ƙarfin tafiyarta daidai yake da na babur ɗin da ya sheƙo a guje.

Yanzu a tuna maganar Ibnu Sina, cewa abin ba ya mutuwa don kansa, sai an sami mai cinye shi. Niyuton ya ba wannan lissafi: ƙarfin da ke tarewa, a ninka shi da lokacin da ya yi yana aiki, shi ne adadin momentom da aka rage. A ce birkin motar yana ba da niyuton 40,000. A raba 400,000 da 40,000, sakan 10 ke nan kafin ta tsaya. A cikin sakan goman gudunta yana sauka daga 20 zuwa sifili, matsakaicinsa 10, don haka sai ta ci mita 100, kusan tsawon filin ƙwallo, bayan direba ya riga ya taka birki. Muna roƙon ƙannenmu 'yan ƙaramar sakandare da ke tsallaka titi da gudu idan an tashi, da masu ratsa gaban manyan motoci a kasuwar Acida, su sake karanta wannan sakin layin. Direban na iya ganinka sarai, ya taka iya ƙarfinsa, motar ba ta da yadda za ta yi.

Wannan lissafin ne kuma ke bayan abin da magina ke yi. Idan ana jefa wa na kan gini tubali, yakan janye hannuwansa baya yayin cafewa. Momentom ɗin tubalin bai canja ba, lokacin tsayar da shi ne ya tsawaita, sai bugun ya ragu. Hular kwano ma wannan aikin take yi wa kan mai babur.

Saura alƙibla, wadda ta kayar da Dekat. Raguna biyu, kowane kilogiram 40, suka ja da baya suka taho da gudun mita 5 a sakan za su yi karo. Kowane yana da 200, amma ɗaya gabas ya nufa, ɗaya yamma. Idan na gabas +200 ne, na yamma −200 ne, jimla sifili. Shi ya sa in ƙarfinsu ya zo ɗaya sukan tsaya cik a inda suka gwabza. Wanda ya manta alamar ragi ya tara ya sami 400, sai ya faɗa mana ina ragunan suka nufa da ita.

Mu koma ga malamin, mun bar shi a Hamadan. Shamsud Daula ya rasu a 1021. Ibnu Sina ya ƙi ci gaba da wazirci a ƙarƙashin ɗansa, ya ɓuya a gidan wani mai sayar da magunguna, Abu Galib. A wannan maɓoya, babu littafi ko ɗaya a gabansa, ya riƙa rubuta shafi 50 a kullum har ya kammala mafi yawan ɓangaren ɗabi'a da na ilahiyyat na Shifa. Aka gano yana wasiƙa da sarkin Isfahan a ɓoye, aka kama shi aka kulle a kurkukun Fardajan wata huɗu. A can ma bai ajiye alƙalami ba, har da risala a kan ciwon ciki ya rubuta. Bayan an sake shi ya sulale daga Hamadan cikin shigar sufaye, shi da ƙanensa da Juzjani da bayi biyu, suka isa Isfahan.

Sarki Ala'ud Daula ya karɓe shi hannu biyu, ya sa ana taron malamai a gabansa kowane daren Juma'a. Shekarun Isfahan su ne mafi kwanciyar hankali a rayuwarsa. Ya ƙarasa Shifa, ya kammala Alƙanun a 1025, ya rubuta wa sarki littafi da Farisanci, ya shiga duban taurari har da ƙera kayan awo. Duk da haka yaƙi bai ƙyale shi ba. Rundunar Mas'udu na Gazna ta washe kayansa, babban littafinsa Kitabul Insaf ya salwanta, sai ɗan guntaye suka rage. Alƙanun kuwa ya yi dogon rai: an fassara shi zuwa Latin a Toledo a ƙarni na 12, ana karantar da shi a wasu jami'o'in Turai har wajen 1650.

Malamanmu na Islamiyya za su so mu ambaci wani abu, kuma ya kamata. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya yi wa Ibnu Sina da Farabi raddi mai zafi a littafinsa Tahafutul Falasifa a kan wasu mas'alolin aƙida, uku daga ciki ya ɗauke su da matuƙar tsanani. Wannan fage ne na malamai, a tambaye su. Gazalin da kansa ya ja kunnen masu ƙaryata lissafi da hujjojinsa da sunan kare addini, ya nuna ɓarna suke yi wa addinin.

Juzjani bai ɓoye cewa malaminsa mutum ne mai son jin daɗi ba, kuma ba ya tattalin jikinsa. Ciwon cikin da ya yi suna wajen warkar da sarakuna shi ya kama shi yana tare da sarki a wurin yaƙi. Ya matsa wa kansa da magani fiye da ƙima don kada a bar shi a baya, hanjinsa ya yi rauni. Ya ɗan murmure, ya sake bin sarki zuwa Hamadan, a hanya ciwon ya dawo. Da ya ga jiki ya ƙi, sai ya daina shan magani. Masu tarihi sun ruwaito cewa ya yi wanka ya tuba, ya rabar da dukiyarsa ga matalauta, ya 'yanta bayinsa, ya riƙa sauke Alƙur'ani duk kwana uku. Ya rasu a watan Ramadan na 428 Hijira, daidai da 1037, yana da kimanin shekara 57. Kabarinsa yana Hamadan, a ƙasar Iran.

Ga aikin wannan fitowar. Yaro mai kilogiram 40 yana tsaye a kwalekwale mai kilogiram 160 a bakin Gulbin Rima, ruwa a kwance, kwalekwalen ba ya motsi kuma ba a ɗaure yake ba. Ya yi tsalle zuwa gaɓa da gudun mita 2 a sakan. Da wane gudu kwalekwalen zai tafi, kuma ina zai nufa? A rubuta amsa da aikin lissafinta, da suna da aji, a miƙa wa sakataren kulob kafin ranar Alhamis. Za mu liƙa sunayen mutum biyar na farko da suka dace a fitowa ta gaba.